Hanyar da Ba a Rubutawa

Cikin shekara goma, injiniya uku hukumar garin São Telmo ta turo su duba ko jirgin fito zai iya ratsa mashigin teku da bazara, ya riƙa kwasar masu hutu daga birni zuwa bakin ruwan Praia Longa. Duka ukun magana ɗaya suka koma da ita: ba zai yiwu ba. Tsakiyar mashigin tudun yashi ne wani bayan wani, in ruwa ya janye har zalɓe za ka gani yana takawa a inda taswira ta ce teku ne. Babban jirgi sai dai ya kewaya ta waje, awa biyu da rabi cikin igiyar ruwa, kuma ba mai hankalin da zai zauna yana amai tsawon haka alhali kwalekwalen mutanen ƙauyen Caeté Velho na tsallakar da shi cikin minti hamsin in ruwa ya cika.

Mutanen Caeté Velho sun karɓi injiniyoyin nan hannu bibbiyu. Sun dafa musu kofi, sun soya musu kifi da ayaba, sun kai su duk inda suka nuna da yatsa, in sandar awo ta taɓa yashi har taya su jimami suke yi. Ba wanda ya yi musu ƙarya. Abin da ba su faɗa ba kawai shi ne akwai hanya.

Furo ake kiranta. Wani rami ne mai zurfi da ya bi ta tsakanin tuddan yashin a karkace, ko ranar da ruwa ya fi janyewa ba ya kasa gaba uku. Gida bakwai ne a ƙauyen suka san ta. Da can saboda kifin da ke taruwa a ramin ake ɓoye ta, daga baya kuma dalilin ya ƙaru, don wata ukun bazara su ne abincin shekarar ƙauyen, kuma ranar da babban jirgi ya san Furo, ranar kwalekwale ya tashi aiki. Ƙa'idar ba ta da yawa. Ba a bin ta da baƙo. Ba a rubuta ta, ba a zana ta, ko da yatsa a kan yashi. Wanda ya san ta mutum ɗaya tak zai nuna wa a rayuwarsa, a kan ruwa, baki da baki, in ya yi kuskuren zaɓe ba shi da na biyu.

Dona Zulmira ta karɓi tata daga mahaifinta tana shekara goma sha tara, don yayyenta maza sun fi son dako a tashar jiragen birni. Yanzu shekarunta sittin da biyu, mijinta ya daɗe a ƙasa, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ba ta nuna wa kowa ba. Seu Aristides, babba a cikin masu kwalekwale, ba ya ganin ta bai taɓa wannan wurin ba.

"Zulmira, ke sai a kabari za ki nuna wa tsutsa hanyar nan."

"Gara tsutsa da ɗanka," in ji ta. "Ita aƙalla ba ta shan giya ta yi surutu."

Tana ba shi amsa, amma abin yana cin ta. Akwai wadda take jira, kuma kowa ya san ko wace ce.

Injiniya ta huɗu ta sauka a watan Yuni, lokacin da a can ake tsakiyar sanyi, da jaka a kafaɗa da farin takalmi. Jucélia ce, 'yar Neide, aminiyar Zulmira. Zulmira ce ta riƙe ta ranar baftisma, ita ce madrinha ɗinta ke nan, uwa ta biyu a gaban Allah, kuma da Neide ta rasu yarinyar na shekara tara ba a ma yi shawarar inda za ta koma ba. A ɗakin Zulmira ta girma har ta tafi karatu birnin Curitiba.

"Madrinha, sa mini albarka," ta ce, ta sumbaci bayan hannunta.

"Allah ya yi miki. Wannan takalmin fa, laka za ki shiga da shi ko coci?"

Ta zaunar da ita, ta cika mata faranti da kifi da garin rogo, ta tsaya a kanta sai da ta ga bayan farantin. Sannan Jucélia ta goge baki ta ce, "Ni aka turo wannan karon."

"Na ji. Aristides ya ce a gaya miki kofin injiniya yana nan, sandar awo ma tana nan inda na baya ya manta ta."

"Ni ba irinsu ba ce, madrinha. A ɗakin nan na tashi. Ina jin ku kuna yanke hira in na shigo. Na san akwai hanya."

Zulmira ta ci gaba da kankare tukunyar da ta riga ta fita. Jucélia ta matso da kujera ta yi ƙasa da murya. Ta ce wannan karon ba za su haƙura ba. In ta koma ta ce babu hanya, injin haƙa za su kawo su yanke tasu, kuma ta bakin kurmin da kifin ƙauyen ke ƙwai za su bi, ta ga zanen da idonta. In kuwa ta iya sa hannu ta ce akwai hanya, ba haƙa, jirgin zai tsaya a Caeté Velho safe da yamma. Mata su sayar da abinci, mara lafiya ya isa asibiti ba ruwa na dukansa.

"Kuma tun da ba a rubuta ta, dole kullum mutumin ƙauyen nan ne zai tsaya kusa da matuƙi yana nuna masa. Ku bakwai ɗin nan, aiki ya same ku har tsufa. Ni dai in sani a kaina, don kada in sa hannu a kan abin da ban gani ba."

Gaskiyar magana, Zulmira ba ta saurari rabin wannan bayani ba. Abin da ta ji shi ne yarinyar ta tambaya. Shekara goma tana jiran wannan tambayar, har ta fara cire rai, ta ce birni ya cinye ta. Da wani ne ya zo da wannan zance mai daɗi da ta tambaye shi wa ya faɗa, ina shaida. Amma a Caeté Velho ba a neman shaida tsakanin madrinha da 'yar da ta riƙe a coci, abin kunya ne ma a yi tunaninsa.

"In na nuna miki na gama," ta ce. "Ba ni da wata."

"Na sani."

"Ba takarda, ba biro."

"Ba takarda, ba biro, madrinha."

Suka fita washegari da hantsi, ruwa ya janye sarai. Zulmira ta sa ta ajiye littafinta da bironta a kan tebur, har gashinta ta shafa, don tun tana makaranta a nan take cusa fensir. Ta nuna jakar.

"Wannan fa?"

"Ruwan sha ne da waya. Sai ɗan abin auna sanyin ruwa."

Wani abu ne kamar sabulun wanka, Jucélia ta ɗaure shi da igiya ta sake shi a gefen kwalekwalen. Zulmira ta yi dariya har da tari. "Shekara biyar a jami'a don a koya miki abin da za ki tsoma hannu ki ji."

Sai da suka yi nisa da ƙauyen ta rage inji. Ta sa yarinyar ta juya baya. "Kin ga hasumiyar cocinmu? Kin ga tsagar da ke kan dutsen can bayanta? Ki riƙe su a jere, giciyen a tsakiyar tsagar. In giciyen ya fita dama ko hagu, kin hau yashi." Suka bi a hankali, yashi fari fat a hannun dama, yashi a hannun hagu, ƙasan kwalekwalen kuwa ruwa kore shar mai duhu. Ta nuna mata busasshiyar bishiyar da ake jerawa da farin dutse, inda ake karya kan jirgi har sai mutum ya ga kamar gida zai koma. Ta nuna mata wurin da fitilar bakin teku ke ɓuya a bayan tsibiri, a ƙirga numfashi goma, sannan a juya. Kalmomin mahaifinta ta faɗa, yadda ya faɗa mata su, har da zagin da yake haɗawa da su.

"Mu sake bi, madrinha. A hankali, don ya zauna mini."

Suka sake bi. Suka kuma bi na uku, ta gefen ramin na dama da na hagu, don yarinyar ta ce tana so ta san faɗinsa. Zulmira ta ji daɗin wannan naci. Ta kalli ƙeyar Jucélia, irin ta Neide sak, ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta. Ranar ta yi farin ciki, ba kaɗan ba.

Da yamma ta je ta sanar da Aristides, don haka ake yi. Yana gyaran raga bai ɗago ba.

"Injiniyar kika ba?"

"'Yata na ba."

"To. Naki ne, ke ke da zaɓi." Ya ja zare ya ɗaure. "Ta rubuta?"

"Na caje ta har gashi."

"Shi ke nan. Tsutsa ta yi asara."

A watan Oktoba aka kira taron jin ra'ayin jama'a a zauren hukumar gari. Jucélia ta aiko da saƙo sau biyu a tsakani, tana lafiya, aiki ya yi yawa. Masu kwalekwale bakwai suka tsallaka da rigunansu na coci, kowa a nasa, Zulmira har da ƙunshin busasshen kifi ta riƙo wa yarinyar. Aka zaunar da su a layi na uku, bayan masu otal-otal na Praia Longa.

Wani mai kwat da laktaye daga kamfanin da hukumar ta ba binciken ya yi dogon jawabi a kan yawan baƙin bazara da cunkoson mota. Zulmira ta fara gyangyaɗi. Sai ya ce injiniyarsu ta gano abin da ya gagari uku kafin ta, aka tafa, Jucélia ta tashi, aka haska taswira a bango.

Zulmira ba ta iya karatu sosai ba, amma wannan ba sai an karanta mata ba. Jan layi ne ya fito daga São Telmo ya shiga tsakanin tuddan yashi. Ga miƙewar giciye da tsagar dutse. Ga karyawar busasshiyar bishiya, da lanƙwasarta kamar ƙugiya. Ga juyin numfashi goma. A jikin layin an jera ƙananan lambobi kamar tururuwa, zurfin ruwa ne, taku bayan taku, gefen dama da gefen hagu. Ta tuna abin nan mai kama da sabulu yana lilo a ruwa, da yadda ta yi masa dariya. Ashe shi ke auna zurfin yana adanawa, ita kuwa biro take tsaro.

Ta bi layin da ido tana neman inda zai ratse ya nufi Caeté Velho. Bai ratse ba. Ya wuce ƙauyen daga nesa ya miƙe Praia Longa. Ko sunan ƙauyen babu a taswirar.

Aristides ya ɗaga hannu, ya miƙe da hularsa a ƙirji.

"Ranka ya daɗe, mu jahilai ne, a yi mana a hankali. A ina jirgin zai tsaya?"

"São Telmo da Praia Longa," in ji mai laktayen. "Kai tsaye, minti arba'in. Tsayawa a hanya zai ƙara minti ashirin da biyar, mai hutu ba zai yarda ba."

"Wa zai nuna wa matuƙin hanya?"

Mutumin ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho. "An wuce nan, baba. Hanyar tana cikin na'ura. Za a kuma kafa alamu ja da kore tun daga farko har ƙarshe, ko yaro ya bi."

Aristides ya ce ya gode, ya zauna. Bai dubi Zulmira ba. Sauran biyar ɗin ne suka juyo ɗaya bayan ɗaya suka dube ta, suka mayar da kai. Ta ji kunyar da ba ta taɓa jin irinta ba, ga ƙunshin kifi a cinyarta yana wari a cikin zauren mutane.

Ba ta jira an tashi ba. Tana kwance igiyar kwalekwalenta a bakin tasha Jucélia ta iso da gudu, takardar sunanta na lilo a wuya.

"Madrinha, tsaya ki ji."

"Ina ji."

"Ba a gama ba fa. Na sa a rahoton, shafi na tamanin da huɗu, cewa nan gaba a duba yiwuwar tsayawa a ƙauye. Na yi faɗa a kan wannan layin, ba ki san faɗan da na yi ba."

"Yaushe kika sani?"

"Me?"

"Cewa ba zai tsaya ba. Yaushe?"

Jucélia ta kalli ruwa. "Yana cikin takardar aikin da aka ba ni. Layi ɗaya, ba tsayawa. Amma na ɗauka in na kawo musu hanyar zan samu bakin magana, in..."

"Kafin ki ci kifina ko bayan kin ci?"

Jucélia ta sunkuyar da kai.

"Kafin."

"Injin haƙar fa?"

"An taɓa maganarsa."

"An taɓa maganarsa," Zulmira ta maimaita. Ta naɗe igiyar a gwiwar hannunta, zagaye bayan zagaye.

Nan yarinyar ta fara zafi, kamar yadda mai laifi kan yi in ya rasa mafita. Ta ce ko ba ita ba, shekara biyu ko uku wani zai gano ta daga hoton sama. Ta ce ruwan teku ba na gida bakwai ba ne. Ta ce mutum dubu nawa ke shan wahalar hanya kowace bazara saboda tsofaffi bakwai sun rufe baki. Ta ce watanni shida aka ba ta gwaji a kamfanin, ita kaɗai ce mace, ita kaɗai ce 'yar ƙauye, suna kiranta mai ƙarnin kifi a bayan idonta.

"Kuma ban karya alkawari ba, madrinha, ko biro ban taɓa ba, ban..."

"Kada ki ƙarasa wannan. Ki bar wa uwarki ɗan mutuncinta a kabari."

Jucélia ta rufe baki, hawaye ya zubo mata. Zulmira ta dube ta tana neman tausayi a zuciyarta, don ta saba samunsa a nan, ba ta samu ba. Baƙin ciki ne kawai, mai nauyi.

"Wataƙila duk abin da kika faɗa gaskiya ne," ta ce. "Ruwa na Allah ne. To da sai ki hau jirgin kamfaninku ki neme ta da sabulunki, wata shida, shekara, har ki samu. Ko ki laɓe ki bi ni a baya ki sace. Da ɓarauniya ce ke, da na zage ki na huta, kuma da har yanzu ina da wanda zan ba. Amma kika zo kika sumbaci hannuna. Guda ɗaya gare ni, Jucélia. Shekara arba'in da uku ina riƙe da ita."

Ta ajiye ƙunshin kifin a kan katakon tashar, don ba ta ga dalilin komawa da shi ba, ta ja inji.

Ba ta yi sauri ba. Sauran shida suka fito bayanta suka wuce ta a tsakiyar ruwa, ba wanda ya ɗaga hannu. Sanda ta iso Caeté Velho da la'asar sakaliya, kwalekwalensu shida na kan tudu a jere, su kuma suna zaune a inuwar rumfar raga, matan sun fito sun tsaya a bayansu. Labari ya riga ta.

Kwalekwalen ƙauyen daga gungumen itace guda ake sassaƙa shi, ba mai iya fitar da shi daga ruwa shi kaɗai. Sai an jera guntayen itace a ƙasa, mutum biyar ko shida su sa kafaɗa a gangara da shi sama. Ba a kira, ba a roƙo. Duk wanda ke bakin ruwa in ya ji inji ya mutu tashi yake yi, ko da jiya kun yi dambe, ko da kun shekara ba ku gaisa ba. Zulmira ta taɓa ganin mutum ya tura kwalekwalen wanda ya ƙwace masa mata.

Ta kashe inji. Kan kwalekwalen ya daki yashi. Ta sauka cikin ruwa zuwa gwiwa da rigarta ta coci, ta riƙe bakinsa, ta jira.

Ba wanda ya motsa. Aristides ya dafa gwiwa kamar zai tashi, jikinsa ne ya saba, sai ya tuna, ya koma ya zauna ya ɗauki ragarsa.

Ta tsaya har ta tabbatar. Sannan ta hau tudu ta jawo guntun itace ɗaya, ta koma ta jawo na biyu, a gaban idonsu, ta jera. Ta zagaya baya ta sa kafaɗa ta tura da duk ƙarfinta. Kwalekwalen ya hau kamar taku ɗaya, ya tsaya, ya sulalo ya dawo inda yake. Ta gyara tsayuwa ta sake sa kafaɗa. A rumfar wata mata ta ce abinci ya sauka, mazan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka shige cikin gari.